Ƙirgin da Yaya Ya Sa a Taya

Shekara uku ko huɗu kafin mulkin kai ina aikin allurar shanu a ƙasar Gumel, kuma babur nake hawa. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka wani babba ne ni. Tsohon babur ne da ya sha wuya a hannun wasu kafin ya iso nawa, rabin tafiyata ma turi ne a cikin yashi. Ran Alhamis ina kasuwar Maigatari, sauran kwanaki kuma duk rugar da aka ce ciwo ya ɓulla, can zan nufa.

Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Gumel. Shi ya bar ni na yi makaranta, shi kuwa ya zauna da guduma. Yana da dabara guda da ta yi masa suna: sai ya yanko ƙirgi siriri, wato fatar sa, ya shimfiɗa tsakanin taya da robar ciki, ƙaya ta rasa hanyar shiga. Tun daga Sule Tankarkar masu keke ke zuwa neman wannan aiki. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da karatu, wannan ƙirgin shi ne abin alfaharinsa a duniya.

Da sababbin tayoyi suka zo mini daga Kano, shi na kai wa. Ya wuni a kansu, ya miƙo mini babur yana murmushi. Ya ce, "Auta, ta gaba na ba ta ƙirgi na musamman. Ka taka duk ƙayar da ka ga dama."

In ina tafiya a hankali, lafiya lau. Da na ɗan ƙara wuta sai kan babur ya kama rawa, ƙafar gaba tana dukan ƙasa tana tsalle. Kafin in kai Maigatari hannuwana sun mutu murus. Na ɗauki allura tana karkarwa, har wani dattijon Bafulatani ya riƙe sansa ya ce, "Malam, in zazzaɓi kake ji, mu jira gobe." Na ji kunya ƙwarai.

Na koma wurin Yaya. Ya ɗaure wayoyin ƙafar, ya ce hanya ce ba ta da kyau. Na sake komawa, ya ce sabuwar taya sai ta zauna, kamar sabon takalmi. A zuwa na uku na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, anya ba ƙirgin nan ba ne?" Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"Wato aikina ne ya ɓaci?"

Na ce a'a, tambaya ce kawai. Ban ƙara tayar da maganar ba. Wata biyu cur na yi ina hawan abin nan. In na dawo gida ko ƙwaryar fura ba na iya riƙewa da hannu ɗaya, kafaɗuna kamar an doke ni. Na gaji da babur, na gaji da shanu, na gaji da yin shiru.

A Gagarawa Tasha akwai wani makanike mai gyaran motocin gyaɗa. Wata rana na tsaya shan ruwa, ya ga yadda nake yarfe hannu, ya tambaya. Ya ɗora gaban babur a kan kututture, ya juya ƙafar ya bar ta ta tsaya da kanta, ya shafa gawayi a wurin da ya sauko ƙasa. Sau uku yana juyawa, sau uku wurin gawayin ke saukowa. Ya ce gefen nan ya fi nauyi. Da ya buɗe, ga ƙirgi, bakinsa biyu sun hau juna kusan taƙi guda, an ɗinke su da tsirkiya mai kauri. Ɗinki ne mai kyau, na san hannun da ya yi shi. Makaniken ya ce a keke wannan ba komai, amma babur gudu yake yi. Ya zare ƙirgin, ya mayar da taya, ɗan nauyin da ya rage kuma ya naɗa dalma a waya ɗaya ta ɗaya gefen har ƙafar ta daina zaɓen wurin tsayawa. Ni kuma na shafe dalmar da baƙin mai don kada Yaya ya gani.

Da na dawo na ce wa Yaya taya ta zauna, kamar yadda ya faɗa. Ya yi ta murna, duk wanda ya zo rumfarsa sai ya ji cewa ƙirginsa har babur yana yi wa aiki. Ina jinsa, amma hannuna ya huta, sai na bar shi a haka.

Ba a yi wata ba ƙayar aduwa ta same ni bayan na baro Ɗanzomo. Ba ni da ƙarfen cire taya, duk Gumel kuwa Yaya kaɗai ke da shi. Tun azahar nake turi, ban iso ba sai bayan la'asar. Rumfar cike da mutane. Ya ce, "Ƙaya? Ba dai a ƙirgina ba." Ya ɓalle tayar a gabansu, ya zura hannu ciki, ya zagaya, ya sake zagayawa, babu ƙirgi. Ina tsaye gumi na zuba. Sai ya ce wa mutanen ƙusa ce na taka, ya yi facinsa, ya buga iska.

Da suka watse ya sa farce ya kankare baƙin man da ke kan dalmar. Ya ce, "Wanda ya naɗa maka wannan ya san aikinsa. Da ka gaya mini." Na buɗe baki, ya ce in tafi gida in huta, na sha rana.

Bai ƙara taɓa babur ɗin ba. Na sayi ƙarafan cire taya, na koyi faci da kaina. Na ƙara shekara biyar ina hawansa, bai sake rawa ba ko sau ɗaya. Sau da yawa Yaya na zaune a ƙofar gida yana kallona ina fama da taya har yatsuna su fashe. Ba ya cewa kawo, ni ma ban taɓa iya cewa ga shi ba.