Kawu Nomau, Sojan Baya

Duk wanda ya san Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya fita gona sai ya goge lambarsa da toka da lemun tsami. Ƙugiyar jirgin ruwa ce ta tagulla, irin ta sojan Faransi, maƙale a tsohuwar jar hula. Ina budurwa na ɗauka wata kyakkyawa ce ta ba shi a bakin teku tana hawaye. Da na tambaye shi sai ya ce, "Wace kyakkyawa, Hajo? Sarjan ne, mai haƙori uku!"

Masuntan tafkin Madarumfa ba sa ƙyale shi, da muƙaminsa na soja suke tsokanarsa. "Kafaran, ara mana ƙugiyar nan mu kama tarwaɗa!"

Shi kuwa ya ce, "Wannan ai jirgi take riƙewa. Ku je ku nemi tsararku."

Kai, mutumin da bai taɓa harba bindiga ba! Rundunarsu ta baya ce: masu ruwa, masu hatsi, masu alfadarai, masu ɗaukar marasa lafiya. In an tsokane shi sai ya ce, "In ba mu iso ba, masu bindiga su dafa harsashi su ci." Haka ya raba aikin gidansa. Matarsa Inna Delu ta riƙe hatsi, ni ruwa, shi kuma alfadarai, wato jakinsa guda ɗaya tilo.

Bayan yaƙi an sallame shi gida, amma sunansa na cikin takardar sojan ajiya, waɗanda ake iya kira ko yaushe. Abin alfaharinsa ke nan a duniya. Kowace kaka yakan taka har Maraɗi ya amsa suna, jakin na biye da shi ba kowa a kai, yana cewa, "Dabbar runduna ta kaya ce, ba ta hawa ba!"

Wata shekara ya dawo da hular a hannu. Kumandan ya ce ya tsufa, an goge sunansa. Kwana uku yana zaune gindin tsamiya, fura ma ba ya taɓawa.

Sai ga Inna Delu, wadda ta shekara talatin tana yi wa sojancinsa dariya. Ta tsaya gabansa, ta buga ƙafa, ta sara masa da hagu, ludayi na hannun dama.

"Kafaran! Masu cirar gyaɗa a gonarmu ta ƙauyen Safo ba su da ruwa."

"Wa ya aiko?"

"Ni. A tawa takardar ba a goge ka ba."

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, "Da hannun dama ake sarawa, Delu." Ya miƙe ya ɗaura wa jaki tuluna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinsa. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa nasa ya faɗo kusa da na Inna Delu. Amin.