Katin da Ba a Saya wa Mantura Ba

A unguwar Dawra, can gefen Beirut, kowa ya san Mantura da gurasar za'atar, mai barbaɗin ganyen ƙamshi da riɗi, amma ba kowa ya san 'yar kan dutse ce ba. A Bisharri aka haife ta, inda dusar ƙanƙara kan toshe ƙofar gida sai an haƙa hanya da shebur kafin a tafi coci. Tana ƙarama yayyenta maza suka farfasa wata tsohuwar gangar katako, kowa ya ɗaure falle biyu a ƙafa da igiya, a haka ta koyi zamiya a kan ƙanƙara. Kafin ta zama budurwa ta fi su duka. Idan ta sako daga saman tudu mahaifiyarta kan tsaya bakin ƙofa tana kiran sunan Maryamu, tana rantsuwar yau sai ta karya mata ƙafar da ƙanƙara ta ƙi karyawa.

Sai ta ga wani mai gashin gurasa daga birni, ta ce shi take so. Ta bi shi Dawra, ta tsaya gaban tanderu, shi ke nan. Yaƙi ya zo ya rufe hanyoyi. Da aka buɗe hanyoyin, sai ya zama lokacin sanyi ne ake cinikin gurasa, ba mai rufe shago ya tafi wasa. Takan je garinsu da rani, biki ko mutuwa, ta tarar da dutsen tsirara, ba komai sai duwatsu da awaki. Mijin ya rasu, ta sayar da tanderun, gashin kanta ya yi fari. A duk shekarun nan ba ta sake ɗora ƙafa a kan katakon zamiya ba, kuma ba ta daina mafarkinsa ba.

Ɗanta guda ne, Sarkis, ma'aikacin wani kamfanin inshora, mai mata da 'ya'ya uku. Yana tasowa da labarin dutsen ta yaye shi, don haka ba zai ce bai sani ba. Wata ranar Talata ya kira ta a waya, abin da ba ya yi sai Lahadi.

"Mama, shirya kayanki. Za mu kai yara Arzu, can saman garinku, su koyi zamiya, kuma ƙafata ƙafarki."

"Ni? Me zan je yi, tsohuwa da ni?"

"Hawa za ki yi mana! Ba ke ce gwanar ba? Ni da hannuna zan saya miki katin hawa, ki nuna wa jikokinki yadda ake yi."

Ta ajiye wayar ta zauna a kan kujerar kicin, ta yi kuka irin na daɗi. Ba wani dogon buri ne da ita ba. Sau ɗaya tak take so ta hau can sama ta sauko da ƙafarta, kafin gwiwoyinta su ƙi.

Tun daga ranar ta daina zagin masu ɗauke wutar lantarki. Benen gidansu ta mayar wurin motsa jiki, ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, tana shafa man zaitun a gwiwa. Maƙwabciyarta Ummu Jirjis ta leƙo ta same ta tana haki.

"Ke Mantura, aure za ki sake ne?"

"Dutse zan hau."

"To ki bar min wasiyyar tukunyar nan taki ta tagulla tun yanzu, kada 'yan gado su hana ni."

Mantura ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ari wandon sanyi wajen 'yar maƙwabta, ta dafa kaji, ta cika kwalba da zaitun, kamar za a yi wata ne a can.

Da motar ta fara hawa dutse, farin ƙanƙara ya bayyana a gefen hanya, sai bakinta ya buɗe. Tana nuna wa manyan jikokin, Jad da Rita, gidan wane da gonar tuffar wane, da kwanar da wani jaki ya taɓa zamewa. Surukarta Mirna tana gaba da jariri Iliya a cinya.

Wurin ya canja. Kujeru ne birjik rataye a jikin waya suna ɗaukar mutane zuwa sama, ga layi a gaban tagar sayar da kati, ga malaman zamiya da jajayen riguna suna kai da kawowa. Mantura ta tsaya bayan ɗanta, zuciyarta na bugawa kamar yarinya ranar salla.

"Na manya biyu, na yara biyu, na kwana uku," in ji Sarkis. "Sai malami ga yaran kowace safiya, da wani ga babba ɗaya."

Ta ji ya ce manya biyu, ba ta damu ba. Mirna tana shayarwa, kuma tun a gida take cewa tana tsoron bisa. Abin da ya ɗan sosa mata rai shi ne malamin. Ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Kada ka ɓarnatar da kuɗinka, ni ba na bukatar malami."

Bai juyo ba. Ya karɓi katunan, ya maƙala wa Jad, ya maƙala wa Rita, ya maƙala nasa. Na huɗun ya maƙala shi a rigar Mirna.

"Sarkis, ina nawa?"

"Mama, ki duba dutsen nan da kyau. Idan kika faɗi kika karya ƙugu, me zan ce wa mutane? Ni aikina ke nan, na san abin da nake gani kullum."

"Ranar da ka kira ni ba ka san ina da ƙugu ba?"

"Haba Mama, kada mu yi haka a gaban jama'a."

Ta zura hannu cikin rigarta ta ciro ƙullin kuɗinta. "Ba komai. Matsa in sayi abina."

"Ba maganar kuɗi ba ce."

"To maganar mece ce?"

Mirna ce ta amsa, ba da baki ba. Ta miƙo mata Iliya da jakar kayansa, ta ce madararsa na aljihun gefe, kuma ba ya son a kwantar da shi rigingine. Rita kuwa, da yake yaro bai san abin da ake ɓoyewa ba, ta ja hannun kakarta ta ce, "Teta, kada ki ji haushi. Da Salam za mu zo, sai ta koma ƙasarsu. Baba ya ce ke ma kin iya raino, kuma ba za ki ƙi ba idan aka ce dutse ne."

Salam ita ce mai aikinsu, 'yar Habasha. Mantura ta tuna an ce ta tafi, ta tuna kuma a makon ne wayar Talata ta zo. Da ya ce mata, Mama zo ki riƙe mana yaro, wallahi da ta zo, da murnarta ma. Wace kaka ce za ta ƙi? Amma ya san inda ke mata ƙaiƙayi, nan ya sosa don ta shiga mota. Wannan shi ne ya ƙona ta.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A shagon hayar takalma da katakon zamiya, wani tsoho mai farin gashin baki ya zuba mata ido, can ya buga kantar shagon da tafin hannu.

"Mantura 'yar gidan Abu Hanna! Ke ce? Ni ne Tannus, wanda kika tura cikin rami!" Ya juya ga yaran. "Kun san wace ce wannan? Duk garin nan ba wanda ya taɓa shan gabanta. Lamba nawa kike sawa yanzu? Kyauta ne, ba na karɓar ko sisi."

Ta buɗe baki, Sarkis ya riga ta. "Ita ba ta hawa, Baba. Riƙon yaro ta zo."

Tannus ya dube shi, ya dube ta, ya mayar da takalmin da ya ɗauko kan kantar a hankali. Mantura ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige.

Haka ta yi kwanakin a barandar gidan shayi, Iliya a ƙirjinta, takalman gida da jakunkuna jibge a ƙafarta. Tana kallon wani saurayi mai jar riga yana koya wa jikokinta abin da ta kwana da shekaru tana tanadin koya musu. Tana kallon Mirna na ihu tana faɗuwa, ana ɗaga ta. Idan wani ya sako daga sama da kyau, gwiwoyinta kan karkata da kansu ƙarƙashin tebur. Yaron ba shi da laifi, ta rungume shi sosai, ta yi masa waƙa. Sarkis kuwa tun daga bakin tagar nan ba ta sake kallon idonsa ba.

Ranar ƙarshe da la'asar ya zo mata da fara'a, ɗauke da takalman Mirna da katakonta.

"Taso, Mama. Ai ba za mu tafi ba ki sa ba."

Abin kunyar faɗa ne, amma ta yarda da shi. Zuciyarta ta yi tsalle, ta miƙa wa Mirna yaron, ta cusa ƙafa a takalmin. Ya kai ta fili a gindin tudun ya ɗaura mata katakon. Ta ji ƙanƙarar ta yi laushi ƙarƙashinta, ta ji ƙafafunta sun gane abinsu. Akwai ɗan gangare a gabanta, ba wani mai tsawo ba. Ta sunkuya za ta tura.

Ya cafke damtsenta.

"Tsaya haka, kada ki motsa. Jad, ɗauke mu hoto. Mama, yi murmushi mana!"

Jad ya ɗauka. Sarkis ya durƙusa ya kwance katakon, ya ce sai an mayar kafin a rufe shago. Kafin su sauka daga dutsen hoton ya zaga dangi har Ostireliya, an rubuta a ƙasansa cewa ya mayar da mahaifiyarsa dutsenta. Yana tuƙi Mirna na karanto masa saƙonni: Allah ya ba mu ɗa irinka, Allah ya yi maka albarka. Mantura tana baya da jariri, ta juya fuskarta ga taga.

Da bazara gwiwar hagu ta kumbura. Likita ya duba ya ce ita da bene sai dai a hankali, da sanda. Ba ta tambaye shi maganar dutse ba.

Har yanzu takan je gidan Sarkis cin abincin Lahadi, saboda yaran. Hoton na nan a falo, an wanke shi babba an sa a gilashi. Duk baƙon da ya tsaya gabansa, Sarkis kan fara labarin yadda mahaifiyarsa ta koma kan ƙanƙara bayan shekara da shekaru. Mantura takan bari ya kai aya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai daga farantinta ba:

"Matsa kusa ka duba da kyau, ɗana. A tsaye nake, kuma ga hannunsa nan yana riƙe da ni."