Tabon da Ba Ya Nunuwa

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na mutu ne shiru ya yi yawa, ku yi haƙuri, saura kaɗan.

Abin ya faro da zazzaɓi ana tsakiyar yankan masara. Sai ciwon baya, sai wani abu yana bugawa kusa da cibiyata. Na sha maganin taifot a kemis har mai kemis ya fara jin kunyata.

Daga Malumfashi aka tura mu Kano, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce, "Baba, babbar jijiyar jininka ta kumbura kamar tsohon tiyub, ƙwayoyin cuta sun ci bangonta. In ta fashe, ko salati ba za ka ƙarasa ba."

Ranar ban yi wa kowa barkwanci ba.

Aka yi ta ɗura mini allurai, sannan Abuja. Shanun huɗata biyu suka tafi. Ba a tsaga ni ba. Ta matsematsin cinya suka zura wani siririn bututu, suka yi wa jijiyar shafi daga ciki.

To ga inda baƙin cikina yake. Maƙwabcina Malam Ɗanjuma, hanjinsa kawai aka ɗinke a Funtua, amma ya dawo da ɗinki kamar bakin buhun masara. Kowa ya zo dubiya sai ya ɗaga riga, a yi ta salati, a ajiye masa kaji.

Ni fa? 'Yan huji biyu, a wurin da ko ƙanena ba zan nuna wa ba.

A majalisa Ɗanjuma ya ce, "Malam Iro, kai dai yawon buɗe ido ka je Abuja." Aka kwashe da dariya. Wallahi har na ji haushin likitan Abujan nan.

Na shiga gida ina mita, na ce tunda ba a yarda na yi ciwo ba, na daina shan ƙwayoyin maganin da aka sallamo ni da su.

Uwar yara ta miƙo mini su da kofin ruwa. "Malam, ni na zauna a bakin ƙofar tiyata ina tunanin abin da zan gaya wa 'ya'yanka. Ni za ka nuna wa tabo? Haɗiye."

Na haɗiye.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci da duk wanda ya taimaka. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga ciwon baya, ku je asibiti a ɗauki hoto. In an ce ku ci gaba da magani, kada ku tsaya.

Ɗanjuma kuma, Allah ya ƙara lafiya. Ka saki rigar nan haka, mun gani.