Malam Zakariyya Ba-a-Gogewa

Kullum da hantsi Malam Zakariyya zai ɗaga ƙofar shagonsa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya yi shara, ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo kwamfutar farko. Asalinsa mai gyaran tafireta ne. Da sojoji suka koma bariki, ofisoshi suka watsar da tafireta, aka ce tasa ta ƙare. Ta ƙare a ina! Da furfurarsa ya duƙufa sai da ya san cikin kwamfuta.

A shekarun nan masu gyara maganinsu ɗaya ne: fomat. Ko atishawa kwamfuta ta yi, sai a share komai, a ce maka ta dawo sabuwa. Shi kuwa ya ce ba da shi ba, har suka laƙaba masa Ba-a-Gogewa don tsokana. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Mutanen layin ba su manta da ranar da Mercy, wata malamar firamare a Tarauni, ta zo rungume da laftof ɗin marigayi mijinta Habila ba. Ɗansu Daniel ya shiga jami'a, karatunsa sai da manhajar Linuks, kwamfutar kuwa manhajar Windos ke kanta, kuma duk shagon da suka je sai a ce a goge.

"Baba, ba zan iya ba," in ji ta. "Saurara ka ji."

Ta kunna. Maimakon ƙarar buɗewa, sai muryar Habila, wadda ya ɗauka da kansa don tsokanarta: "Mercy, kin ci abinci?"

"Maman Daniel, zauna," in ji Malam Zakariyya. "Katanga za mu ja a tsakiya, kamar gidan gado. Uba da ɗakinsa, ɗa da nasa."

Aikin ba wasa ba ne. Batirin ya mutu, in wuta ta ɗauke ana cikin raba kwamfutar gida biyu, sai dai a yi salati. Ya fara kwafe komai a faifai, sannan ya tayar da janareta alhali ga wuta. Garba, mai gyara a shagon kusa, ya leƙo yana dariya.

"Haba Baba! Fetur kake ƙonawa saboda gaisuwa ɗaya? Goge kawai!"

"Je ka goge taka," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Ana tsaka da rabon kuwa wuta ta ɗauke, fankokin layin suka tsaya cak. Janaretansa ya ci gaba da ruri. Da ya gama ya kunna, sai ga layi biyu a allo. Na ƙasa na Daniel. Mercy ta danna na sama, sai ga muryar Habila.

Malam, kai ne ka ƙi bin yayi, kai ne ka ce abin da mutum ya ajiye ba shara ba ne. Yanzu da ido ya gaza ka rufe shago, wallahi mun ji zafi. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Ku kuwa masu saurin fomat, ku ji kunya, ku riƙa tambayar mai kaya abin da ke ciki kafin ku taɓa.

Daniel ya gama karatu tuni. Ita kuwa Mercy har yau tana danna layin sama kowace safiya, Habila ya tambaya, ta ce, "Na ci."