Sunan da Malam Ya Ce a Cire

Mijina malamin akanta ne a jami'a, kuma idan kun ji muryata ta ɗaga ku yi mini uzuri, zama da shi ne ya jawo. Ɗalibansa "Malam Ina Shaida" suke ce masa a bayan idonsa. Ya san da sunan, bai taɓa jin haushi ba, cewa ma ya yi ai tambaya ce mai kyau. Su awa biyu suke yi da tambayar su tashi, ni ce nake kwana da ita ina tashi da ita. Ka ce masa hadari ya taso, sai ya leƙa taga. Ranar da na tare shi a ƙofa na ce babbar 'yarmu ta fara tafiya, wallahi sai da ya ajiye jaka ya tsaya ta taka a gabansa kafin ya yi murna.

Ni tela ce. Kekena yana barandar baya a gidan ma'aikata da jami'a ta ba mu tun muna da goyo, kusa da lemun tsamin da na dasa da hannuna. Ni nake ɗinka rigunan yaye ɗalibai, da manyan rigunan nan masu karammiski a wuya da sabon farfesa yake sawa ranar laccarsa ta farko. Yadin tasa rigar na daɗe da saye, yana ƙasan akwati cikin leda, har maganin asu na canza masa ban san sau nawa ba.

Bincikensa a kan ba da ba'asi ne, wato yadda waɗanda aka damƙa wa amanar jama'a suke bayanin abin da suka yi da ita. Hukumar ruwa, kwamitin makaranta, ƙungiyar 'yan kasuwa, duk ya zauna a bencinsu yana jiran a ce ya shigo. Idan ya yi hira da mutum ya dawo ya rubuta, sai ya sake komawa ya karanta masa abin da ya faɗa, ya tambaye shi ko haka yake nufi. Mutum ya ce a'a, a sake daga farko. Maƙala ɗaya sai ta ci shekara biyu a hannunsa, abokan aikinsa kuwa suna zubo nasu kamar ana tankaɗe.

Yadda suke yi ba ɓoyayye ba ne. A sashensu akwai abin da suke kira sa ni in sa ka. Ka rubuta maƙala ka jera sunan abokinka a ƙarƙashin naka, gobe shi ma ya jera naka, kafin a ankara kowa ya cika adadin da kwamitin ƙarin girma yake nema. Malam bai taɓa sa kowa ba, bai yarda kowa ya sa shi ba. Haka ya tsaya a mataimakin farfesa, yaran da ya koya wa zana jadawali suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina auna musu kafaɗa.

A ƙa'idar jami'arsu farfesa yana da ƙarin shekaru biyar a bakin aiki. Wanda bai kai ba, lokacinsa na cika sai ya miƙa makullin gida. Lokacin Malam ya zo daf, zaman kwamiti ɗaya ya rage masa, kuma maƙala ɗaya tak ce ta hana shi cika adadi. Tasa da yake kai tana jiran wani shugaban 'yan kasuwa ya dawo daga jinya ya saurari maganarsa.

Ana cikin haka shugabar sashe ta zo mana da yamma. Tsohuwar ɗalibarsa ce. A barandata take zama ta yi kuka a da, kundin digirinta a cinya, jan biron Malam ya yi masa jina-jina. Yanzu farfesa ce, ni na ɗinka mata riga, amma har gobe durƙusawa take yi ta gaishe shi. Ta ciro mujalla daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu tana murmushi.

Ya sa tabarau, ya buɗe inda ta naɗe. Na leƙa ta kafaɗarsa. Sunanta, sunan wani abokin aikinta, sai na Malam na uku. Na ji kamar in yi guɗa.

"Na ga sunana a nan," in ji shi.

"Eh, Malam. Ai kai ka gyara mini ita."

"Kashi na ɗaya da na biyu na karanta. Ban je inda kuka yi hirar ba, ban ga alƙaluman ba. Wannan jadawalin na shafi na tara, idan wani ya tare ni gobe ya ce daga ina wannan adadin ya fito, me zan ce masa?"

"Malam, babu wanda zai tambaya."

"Ni na tambaya."

Na ce, "Malam, ga shayi yana hucewa." Ya kalle ni ta saman tabarau, na san an gama da ni.

Ta yi iya yinta, baiwar Allah. Ta ce tunanin maƙalar gaba ɗaya daga ajinsa ta ɗauko shi, duk abin da ta sani shi ya koya mata. Ya ce in haka ne sai a sa sunan malaminta na firamare ma. Ta ce ba don ƙarin girma ta yi ba. Ya ce to ai ba za ta ji ciwo ba idan an cire. Ta tashi idonta ya cika da hawaye, na raka ta har mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ki yi masa magana."

Magana kam na yi. Na ce to ya karanta sauran yanzu mana, ya duba alƙaluman, shi ke nan ya yi aikin. Ya ce aiki ya riga ya ƙare, an buga. Na ce ita ta sa da kanta, bai roƙa ba. Ya ce shirunsa roƙo ne. Na ce, "Malam, a gidan nan na raini yaran nan. Masu kawo mini ɗinki duk a harabar nan suke. Wa zai bi ni bayan gari da rigar yaye ɗalibai? Kai kana da suna da za ka tsare, ni me nake da shi ban da barandar nan?" Ban ɓoye masa ba, na ce ya ƙona mini rai, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar na ranar ba.

Ya ce, "Maman yara, abu ɗaya na karantar tun da na shiga aji: wanda ya sa hannu shi zai amsa. Yarinyar nan ma abin da na koya mata ke nan."

Na ce, "To ta saurare ka? Ga ta can farfesa."

Ya ɗauki mujallar ya shige ɗaki. Washegari ya rubuta wa editan mujallar cewa an sa sunansa bisa kuskure, a cire. Har ya ƙara da cewa laifinsa ne da bai bayyana wa marubuciyar iyakar abin da ya karanta ba, don kada a taɓa ta. Ka ji mutum! Ita ya tuna ya kare.

Kwamiti ya zauna, adadi bai cika ba. Wani daga cikinsu ya gaya wa matarsa, matar ta gaya mini tana gwada riga, cewa sun juya takardunsa sun sake juyawa ko za su sami abin kamawa su taimake shi, shi da kansa ya riga ya toshe ko'ina. Na yi mako ban dafa abin da yake so ba. Ya ci abin da na ba shi yana yabawa, wanda ya fi komai ba ni haushi.

Ranar tashi, babbar mota tana ƙofa, an ɗora gado da kekena da kwalayen littattafansa da suka fi kayan ɗakina yawa. Sai ga shugabar sashe da sabuwar fitowar mujallar. An cire sunan, an buga gyara. A ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe, ta rubuta godiya ga malaminta da ya karanta wannan maƙala ya gyara ta. Fuskarsa ta washe kamar shi aka ba kujerar farfesa. Sai kuma ya yamutsa goshi.

"Kin ce na karanta maƙalar. Kashi biyu na karanta."

Na ce, "Innalillahi."

Ya zauna a kan kwalin ƙarshe, ya zaro jan biro daga aljihu, ya buɗe kashi na uku. Direba ya danna ham. Na je na ba shi ruwa da haƙuri. Ya sake dannawa. Farfesa guda tana tsaye a gefen Malam hannu a baya kamar mai jiran sakamako, shi kuma yana bin layi da yatsa. Ni na koma baya na tsinke lemuna har da waɗanda ba su nuna ba, don ban ga dalilin bar wa wanda zai shigo ba. A nan na yi kukana, babu mai gani.

Da na dawo ya rufe mujallar. Ya nuna mata wata jimla da ya ja wa layi, ya ce sauran ya yi kyau ƙwarai, ita kuwa ta juya fuska tana goge ido. Ya ce, "Yanzu godiyar ta zama gaskiya. Mu tafi."

Ya kulle ƙofa, ya tsaya da makullin a hannu. Bai kalle ni ba ya ce, "Maman yara, na san abin da na jawo miki. Ya dame ni."

Na ce, "Ina shaida?"

Ya zagaya bayan motar, ya ɗage wani buhu. Gwangwanin fenti ne cike da ƙasa, da ɗan tsiron lemun tsami da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Tun ranar da ya rubuta wa edita ya shuka shi a bayan ofishinsa, daga ƙwallon lemona, yana ba shi ruwa da kofin shayinsa.

Na ce masa lemon da aka shuka daga ƙwallo sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya, da ya tambaye ni da na nuna masa yadda ake haɗa reshe. Ya ce bai sani ba. Na karɓe gwangwanin daga hannunsa don kada ya kifar, na rungume shi a cinya har muka isa.

Gidan da muke ciki yanzu ɗaki biyu ne, tagar falon tana kallon titi. Yadin rigar tasa na ciro daga akwati na ɗinka mata labule, karammiskin na bi bakinsa da shi.