San Malam Mamman da Wuƙar Liman

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Lahadi a watan Maris, ana tsakiyar cirar albasa, lokacin ina malamin dabbobi a Aliero. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ina cewa "ranar Danwarai", kuna dariya ba ku san mafarin zancen ba. To, ku gyara zama, yau bakina ya buɗe.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, malamin dabbobi yana ƙarƙashin likita ne. Mu ne masu rigakafi, mu ke duba dabba a mahauta kafin a yanka, mu ke shiga ƙauye in an kira. Likitan da ke kanmu yana zaune a Jega, Oga kawai muke ce masa. Ni ma iyalina suna Sabon Garin Jega, can nake zuwa coci, kuma ni ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa ganga. Mutanen ƙauye kuwa Malam Istifanus suke kirana, sun san ni mutumin Zuru ne, sun san Kirista ne, ba mu taɓa samun matsala ba.

Ran nan fastonmu ya yi wa'azi a kan cewa an kira mu ne domin a ga girman Allah ta wurinmu, a gona ne, a kasuwa ne, ko a ofis. Yana saukowa, na jawo ganga ke nan za mu tashi waƙa, sai waya ta hau rawa a aljihuna. Na share. Ta sake. Da na leƙa sai na ga Malam Mamman ne na Danwarai, dattijon manomi da nake yi wa shanunsa na huɗa rigakafi duk shekara. Mutum ne mai kawaici, ya san inda nake ran Lahadi, ba zai kira ni a banza ba. Na miƙa wa na kusa da ni ganga na fita.

"Malam Istifanus, Fari na mutuwa," in ji shi. "Cikinai ya kumbura, shina ta dalala. Liman ya riga ya zaka da yuƙa."

Na ce, "Ku ba ni lokacin da zan iso, Baba. Ga ni nan."

Fasto ya hango ni ina ta da babur. Na gaya masa a gurguje. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Je ka, can ma sujada ce." Na biya gida na sunkuci jakar kayan aiki, ko farar rigar mawaƙa ban tsaya cirewa ba.

Bari in bayyana maganar wuƙar nan, don ita ce zuciyar labarin. A wurin manomi Musulmi, dabbar da ta mutu ba yanka ta zama mushe: ba ci, ba sayarwa, sai ja zuwa bayan gari. Saboda haka in an ga dabba ta ɗauki hanya, sai a yi maza a yanka, a tsira da nama. Amma san huɗa ba don nama ake riƙe shi ba. Malam Mamman shanu biyu ke gare shi, Fari da Baƙi, su ke ja masa garma da damina, su ke ja masa amalanken albasa da rani. In an yanka Fari, ya tsira da nama amma ya rasa noman bana. In aka jira ni ya mutu a hannuna, ya yi biyu babu.

A hanya na tsaya na kira Oga, don ƙa'ida ce ka sanar da na sama kafin ka huda cikin dabba. Ya saurare ni, sannan ya ce, "Istifanus, ka yi wa kanka faɗa. Bar su su yanka. In san nan ya mutu kana kansa, ba za a ce ciwo ya kashe shi ba, cewa za a yi Kirista ya hana yanka. Ni kaina ba zan iya wanke ka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ga ba hali, da bakina zan ce a yanka."

"To, kai ka jiyo. Allah ya ba da sa'a."

Gaskiya ya faɗa, kuma don yana ƙaunata ya faɗa. Duk da haka na ƙara wa babur wuta.

Na tarar da rabin gari a bakin gonar, kusa da tsibin albasa. Ga Fari kwance, wani ƙaton sa gudale, ya miƙe wuya, yawu na zuba, numfashi da ƙyar. Mahauta har sun shimfiɗa ganye suna jira, su dai kullum hancinsu ya fi na kowa. Na bubbuga kwiɓinsa na hagu, ya amsa mini kamar gangar da na baro a coci. Na bi wuyansa da hannu, sai na ji wani dunƙule mai tauri, ya kai girman dunƙulen hannuna.

"Baba, me ya ci?"

"Tun safe muna tsintar albasa, wadda ta lalace muna jefa mai."

Ai sai na gane. Kun san albasar Aliero, ba ta san ƙanƙanta ba. Fari ya haɗiye guda sukutum, ta tsaya masa a hanyar abinci. Saniya kuwa rayuwarta gyatsa ce, in hanya ta toshe iska ba ta fita, tumbi ya yi ta cika har ya danne huhu. Ciwon ba na mutuwa ba ne in an yi sauri. Daɗi ya kama ni, na ce musu ana iya ceton san nan.

Liman Sahabi, wani siririn tsoho mai natsuwa, yana tsaye da wuƙa a hannu. Ya ce, "Malam, ba mu ƙi ta taka ba. Amma in rai ya hita kahin yuƙa, wa za ya ɗauki alhaki?"

Kafin in amsa, wani daga baya ya yi ƙunƙuni: "Su ina ruwansu da mushe."

Raina ya ɓaci, kun san ni da saurin hawa. Na juya na ce, "Mai maganar nan, a gidan ubana ma ba a cin mushe." Na so in ƙara, sai na tuna rigar da ke jikina da sunan Yesu da nake ɗauke da shi. Na haɗiye sauran, na koma kan Liman.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ga yadda za mu yi. A juya san nan ya fuskanci alƙibla tun yanzu. Kai ka durƙusa a wuyansa da wuƙarka, kada ka matsa ko'ina. Ni zan yi aikina ina duban idonsa. Na yi maka alkawari a gaban Allah, in na ga rai zai fita, ni zan ce ka yanka."

Mutanen ba su zaci daga bakina maganar alƙibla za ta fito ba. Liman ya dubi Malam Mamman ya ce sa nasa ne, shi ke da magana. Dattijon ya dubi Fari, sannan ya ce, "In babu shi, bana sai hauya, ni ko ƙugu ya ƙare. Yi aikinka, Malam."

Majiya ƙarfi suka juya shi. Na wanke kwiɓin da magani, na fito da abin hudawa, wani ƙarfe ne mai tsini a cikin siririn bututu. Ana kafa shi ne a inda kumburin ya fi tasowa, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, a zare ƙarfen a bar bututun. Na ce da sunan Yesu a zuciyata, na buga da tafin hannu. Iska ta yi fito ta fito da wani irin wari, masu leƙe suka watse suna toshe hanci, har da mahauta. Ciki ya fara sauka a hankali.

Sai Fari ya miƙe ƙafafu, ido ya juye, numfashi ya ɗauke.

Liman ya ɗora kaifi a maƙogwaro, na ji ya fara Bisimilla. Na ce, "Liman, dakata."

"Malam, ka yi alkawali."

"Na yi, kuma ina kansa. Ban ce a yanka ba tukuna."

Na taɓa gefen idon, ya ƙifta. Na sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi, jijiya na bugawa, a raunane amma tana nan. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina, ya Ubangiji, ba don ni ba, kada dattijon nan ya tashi a tutar babu, kada kuma a zagi sunanka saboda ni. Bakina na shirye da kalmar yanka, da idon nan ya daina ƙiftawa da na faɗe ta. Liman bai ɗaga wuƙa ba, bai kuma ja ta ba. Shi ma amana ya riƙe.

Can sai Fari ya ja wani dogon numfashi, haƙarƙari ya ɗaga. Ya sake ja.

Saura albasa. Na sa aka kafa ƙotar gatari tsakanin turamen haƙoransa, aka riƙe kan da kyau. Na shafe hannuna da man gyaɗa, na nuna wa wani ƙanen Malam Mamman yadda zai riƙa turo dunƙulen sama daga waje, ni kuma na zura hannu ta baki har ya wuce gwiwar hannu. In ƙotar nan ta goce, hannun ya tafi ke nan. Na taɓo albasar, ta sulluɓe. Na sake, ta sake gudu. Da na samu na kafa mata farce ta wajen saiwa, ai sai na jawo ta a hankali, ta fito sumul, ja wur da ita. Fari ya saki wata gyatsa da na tabbata an ji ta a cikin gari. Ya yunƙura, ya durƙusa, ya miƙe tsaye yana kaɗa kunne kamar ba shi ba.

Wurin ya kaure da kabbara, mata daga bayan darni suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na ɗaga albasa sama ina tsalle ina "Halleluya!", farar rigata duk yawu da kashin shanu. Ba wanda ya harare ni. Malam Mamman ya rungume wuyan sansa yana kuka, ba abin da yake maimaitawa sai Alhamdu lillahi. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan rana a bakin aiki ba.

Liman ya mayar da wuƙarsa kube ba ɗigon jini. Ya kama hannuna, mai man gyaɗan nan, ya ce, "Malam Istifanus, yau ka sa garin ga duka ya gode ma Allah."

Na zare bututun bayan ciki ya lafa, na wanke wurin, na yi masa allura, na ce a huta da shi, kuma daga yau duk albasar da za a ba dabba a daddatsa ta. Da na kira Oga, dariya ya yi ta yi, ya ce gobe in zo masa da albasar ya gani da idonsa.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, a aikin nan sanin ciwo rabi ne. Sauran rabin shi ne ka san abin da mai dabba yake tsoro, ka girmama shi, ka ba shi maganar da ba za ka karya ba ko da za ta kunyata ka. Mutanen nan ba su da wuyar sha'ani in sun ga ba ka raina abin da suka riƙe ba. Ku kuma 'yan'uwana masu bi, ba sai ka buɗe baki ka yi wa'azi ba, yi aikin yadda in an gama Allah za a yaba.

Da ruwa ya sauka na bi ta hanyar Danwarai za ni rigakafi. Na hango Malam Mamman a bayan garma, Fari da Baƙi na ja, ƙasa na kifewa baƙi ƙirin. Na danna masa oda. Bai iya sakin garma da hannu biyu ba, sai ya saki ɗaya, ya ɗaga yatsa ya nuna sama, ya ci gaba da huɗarsa.