Ranar da Latin ya tsere wa Malam a hanyar Katagum

Mun tashi da asuba daga Misau, mu uku, za mu Katagum ta'aziyyar tsohon shugaban makarantarmu. Ni ke tuƙi. A gefena abokin aikina ne, malamin Turanci, Kirista mutumin kudancin Bauchi, wanda muka daɗe muna shan shayi a ofis ɗaya. A baya kuma malamin lissafi, wanda barci ya ɗauke tun kafin mu bar gari.

Duk wanda ya san Malamin Turancin nan ya san ba ya kai ƙarshen jimla sai ya tsoma mata Latin. Muka faɗa wani rami, ya ce ai titin nan "status quo" yake tun yana saurayi, wato yana nan yadda yake. A Azare mai masa ta faɗi farashi, ya ce wannan farashin "ad hoc" ne, yanzu ta ƙirƙire shi don ta ga tabarau. Na ce masa Turancin ma bai ishi baiwar Allah ba, ga shi ya ƙaro mata wani. Ya ce ai Turanci maroƙi ne, rabin kayan jikinsa na aro ne. Masar dai ta yi daɗi, ga miyar taushe har da kabewa.

Bayan Sakwa hanya ta lalace sosai, ruwa kwance dama da hagu, mata na shanya kifi a bakin titi. Muka yi ta'aziyya, muka sayi banda, muka juyo bayan azahar.

A dawowa na lura motar ta yi shiru. Na tsokane shi, na ce, "Malam, Latin ya ƙare ne?" Da na waiga sai gabana ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya zube a cinya. Yana ta magana da sauri, amma babu Turanci a ciki, babu Hausa. Yaren garinsu ne, wanda ban taɓa jin ya furta kalma ɗaya da shi ba. Kalmomi kaɗan yake ta maimaitawa, yana jan rigata da hannun hagu.

Wallahi na ji tsoro. Malamin lissafi na ta salati, ga Azare da nisa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum na roƙona wani abu, wataƙila na ƙarshe, ni kuma ban san mene ne ba.

Sai da muka kusa Azare waya ta samu sabis. Muka kira matarsa, muka kara masa wayar a baki. Ta saurara.

Na ce, "Madam, don Allah me yake cewa?"

Ta ce, "Cewa yake kada ku gaya mini." Sannan ta daure ta ce, "Malam, taka motar nan."

Da muka isa asibiti a Azare, ita ta faɗa wa likita ta waya cewa ya daina shan maganin hawan jini. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

Washegari ta iso, mu kuma muka koma Misau, kujerar gefena babu kowa sai ƙunshin banda. An ce Hausa da Turancin za su iya dawowa a hankali, Allah ne masani. Abin da na koya shi ne na haddace kayan aron abokina kaf, nasa na kansa kuwa ko ɗaya ban sani ba. Na roƙi Madam ta koya mini "sannu da jiki" da yarensu. Jiya na je na faɗa masa, na kwaɓa, ya ɗaga hannun hagu ya sa na sake.